Man Riɗi a Ramin Sauti

Ku samarin da ke zuwa rumfata kuna cika mini benci, ina jin abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai aikina, ni Usta Isa, ba aiki ba ne, hura iska ne da bugun gefen akwati. Wai in abu ya lalace a cire shi a sa sabo. To ina sabon? Ku zaga kasuwar Gadarif kaf ku nemo mini katin sauti na kwamfutar da ta girme ku, in kun samo na bar muku rumfar har da bencin. Tunda ba za ku samo ba, ku gyara zama in ba ku labarin wani rami da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, amma noman shekara guda ya rataya a kansa.

Ramin da nake nufi shi ne koren nan na bayan kwamfuta, inda ake sa wayar lasifika. Yana tsaye a kan katin sauti da ƙafafu biyar ƙanana, kowace an liƙe ta da dalma, a cikinsa kuma akwai 'yan ƙarafa masu lanƙwasa da ke kama kan wayar. Iyakar halittarsa ke nan. Amma mutumin garin nan ba ya sa waya, soka ta yake yi, kuma ba ya zare ta, fizge ta yake kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jaki. Dalma ta tsage, sauti ya fara zuwa yana ɗaukewa, sai a ɗaure wayar da zare ko a tokare ta da dutse. An taɓa kawo mini kwamfutar da aka tokare wayarta da kofin shayi shekara biyu, mai ita ya haɗo mini har da kofin, ya ce kada in raba su.

Aikin farko da aka bari na taɓa, rediyon wani direban lori ne, a rumfar maigidana Usta Abakar, Allah ya ji ƙansa. Kafin ranar na yi wata takwas ban riƙe kawiya ba, wato ƙarfen narka dalma. Fifita gawayi ne aikina, domin kawiyarsa ta jan ƙarfe ce, a wuta ake gasa ta. Yakan kusantar da ita kumatunsa ya gane zafinta. Ni daga inda nake tsugune na ga kamar taɓawa yake yi, sai na taɓa. Ga tabon nan, gemu ma ya ƙi fitowa a wurin. Ranar rediyon kuwa na tula dalma a kan ƙafa ɗaya har ta yi tudu, ina jin na burge. Usta ya duba, ya ce, "Ya walad, kai yaro, gini na sa ka ko laham, liƙin dalma?" Sau tara ya sa na kwashe na sake. A nan na koyi cewa dalma ta gari sheƙi take yi ta kwanta lumui, wadda ta dunƙule ta yi fari-fari kuwa ba za ta ga damina biyu ba.

Kayan aikina har yau ba su cika jaka ba. Kawiya biyu, ta lantarki da ta gawayin da na gada wurin Usta, sai famfon tsotse dalma, da gilashin ƙara girma, da kwalbar sibirto ta wanki, da mita mai allura wadda ba ta faɗin gaskiya sai an ɗan dungure ta. Akwai kuma burushin haƙori. Na matata ne a da, ta daɗe tana zargin ɓera.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda waya mai kiɗa ta cika gari, damina kuma ta yi gardama. Manomi bai samu ba, lebura bai samu ba, babu mai tuna yana da rediyo. Wata uku ina gyaran tocila. Har wata tsohuwa ta kawo mini haƙoranta na roba da suka rabe biyu, ta ce an gaya mata ina liƙe abubuwa. Na liƙe mata. Abokan sana'ata suka koma sayar da rigar waya, ni na zauna, ba don jarumta ba, don ban iya ciniki ba ne. A shekarar na fara kwaso tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi ke zubarwa, ina buɗe su ina koyon cikinsu don kada barci ya kwashe ni a rumfa.

Aikin da na ce zan ba ku labarinsa ya zo ne a ƙarshen damina, bayan hanyar Khartum ta rufe, kaya suka daina zuwa sai ɗan abin da ya ɓullo ta Gallabat, can bakin iyaka. Hajj Adamu ne ya kawo shi, manomin dawa mai gona can wajen Basunda. Dattijo ne gajere mai saurin tsiya. Kakansa ya taso daga Kano zai tafi Makka, ya tsaya a nan shan ruwa, har yau jikokinsa ba su gama sha ba. Da hantsi ya diro daga boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya, rungume da kwamfuta naɗe cikin bargo. Direba ya sauke amfilifaya da ƙatuwar lasifika irin ta masallaci.

"Salamu alaikum, Usta Isa. Ka rufa mini asiri. Ta yi shiru."

"Wa alaikumus salam, Hajj. Wa ta yi shiru?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya rage murya. "Hajja."

Na yi salati na fara miƙewa. Na san matarsa Hajja Zainabu, duk unguwarmu ta san ta. Mace ce mai kirki da kyauta, amma Allah ya ba ta murya. In ta tsaya a ƙofar gida ta kira jikanta, yaran gidaje bakwai ke amsawa. In aka ce irin wannan ta yi shiru, abu ɗaya ne zai zo wa mutum a rai.

"La, la, zauna ya zol, bawan Allah! Lafiyarta ƙalau, da safen nan ma ta wanke ni tas. Ta cikin nan nake nufi." Ya shafa bargon.

Sai ya matso ya ba ni labari a kunne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce zarzur suka addabe shi, tsuntsayen nan jan-baki da ke sauka gona kamar hadari, su tashi su bar kara tsirara. An buga gwangwani, an kafa mutum-mutumi, tsuntsaye suka saba, har suna hutawa a kan hularsa. Rannan Hajja ta kai masa abinci kambo, wato sansanin leburori a gona, ta tarar ya kwana a ƙasa da jiƙaƙƙiyar riga. Ta buɗe baki. Hajj ya rantse mini kafin ta ja numfashi na biyu sama ta yi baƙi da tsuntsaye masu neman tsira, kuma ba su dawo ba sai da aka kwana biyu.

Ya koma gida da dabara. Ɗan ƙanensa ya haɗa masa wannan tsohuwar kwamfuta da makirfo, ya saita ta yadda da zarar an kunna za ta yi ta maimaita abin da aka naɗa. Hajj ya ɓoye makirfon ƙarƙashin gado, ya danna, sannan ya sanar da Hajja zai tafi gona sati guda ba tare da maganin sukarinsa ba. Da ta ɗauki zafi ya sulale waje yadda ya saba, sai da ya hango ta shiga kicin ya dawo ya kashe. Tun daga nan, kowace kaka muryar Hajja ce ke gadin dawarsa da ƙarfin janareta, ita kuwa ba ta sani ba. Leburorin ba sa jin Hausa, sun ɗauka wa'azi ne, wasu har amin suke cewa.

"Dawa ta fid da kai, Usta, ƙwaya ta fara nuna. Kwana biyu ke nan ba murya. Sun fara sauka gefen gabas. In aka ƙara kwana uku, wallahi kara zan girba."

Ku masu cewa a kwafe a waya, na riga ku tunanin. Ramukan filashar kwamfutar sun daɗe da mutuwa, wurin faifai ba ya buɗewa, rumbun cikinta kuma irin mai faffaɗar wayar nan ne da ba mai abin karanta shi a kasuwar. Ɗan ƙanen ya tafi Saudiyya. Ƙofa ɗaya ta rage wa Hajja ta fito, koren ramin nan.

Da na kwance murfin akwatin, ƙamshi ya buge ni. Ban taɓa buɗe kwamfuta na ji yunwa ba sai ranar. Na zaro katin na ɗaga shi ga haske, yana maiƙo. Ramin ya cika da baƙin kwaɓi na ƙurar gona, ga gawar kiyashi birjik.

"Hajj, me aka zuba a nan?"

"Ba komai."

"Hajj."

"Ɗan man riɗi ne. Shwayya bas, kaɗan kawai. Muryar ce ta fara shaƙewa, tana kakari."

"Sai ka ba ta mai."

"To me ake ba wanda ya shaƙe? Kuma ba na kanti ba ne fa, wanda raƙumi ke juya turmin matsarsa ne, asali!"

Ban yi wani mamaki ba. A garin nan man riɗi ne likitan farko. Jariri ya yi mura a shafa masa, tsoho ya yi ciwon baya a murza masa, ƙofa ta yi kuka a ɗiga mata, ƙwaro ya shiga kunne a tsiyaya. Hajj ya ga rami, ya ji tari, ya yi abin da uwarsa ta koya masa. Wai da farko ma ta ɗan washe, shi ya sa ya ƙara mata cokali guda.

Sau uku na wanke katin da sibirto da burushi, na shanya shi a rana. Da na sa gilashi sai na ga ainihin ɓarnar, wadda ta riga man zuwa. Ƙafafu uku sun tsage, ɗaya ta ɓalle har ta yago siririn layin jan ƙarfen da ke jikin katin, ɗan ƙarfen cikin ramin kuma ya karye. Wannan ramin ya gama aiki. Na bi layinmu rumfa rumfa ina neman irinsa, kowa na nuna mini rigar waya. Da na dawo na zauna ina hararar katin, sai idona ya faɗa kan maƙwabcinsa, shuɗin ramin da ake shigar da sauti ta cikinsa. Tagwaye ne, launi kawai ya raba su, kuma tun da aka ƙera katin ba wanda ya taɓa soka masa komai. Na ce kai za ka karɓi aikin ɗan'uwanka.

Ina jona kawiya aka ɗauke wuta. Hajj ya ɗora hannu a ka. Na jawo ta gawayin Usta, na goge bakinta da magagari har ya yi tsini, na nufi murhun Baraka, mai shayin da ke gefen rumfata.

"Usta, ƙarfen nan naka ko sallama ba ya yi, sai dai a gan shi cikin gawayin mutane," in ji ta, amma ta matsar da butarta.

Ku da kuka saba da kawiya mai bakin allura ba za ku gane ba. Kan wannan ya kai babban yatsa, ƙafafun da zan taɓa kuwa kamar ƙwayar riɗi. In ta yi sanyi dalma ba za ta narke ba, in ta yi zafi da yawa layin jan ƙarfe zai ɗaye daga katin, shi ke nan an rufe Hajja a ciki har abada. Haka na yi ta safa da marwa tsakanin murhu da tebur, in gasa, in gwada a kumatu, in narka ƙafa ɗaya, in tsotse. Ƙafa goma na cire, biyar na dasa. Hajj yana tsaye a bayana yana huro mini numfashi a wuya, yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Wurin da layin ya yage na ɗinke da silin waya ɗaya, siriri kamar gashi. Na ɗora mita, allura ta ƙi motsi. Na dungure ta, ta tashi.

"Amma wannan shuɗi ne," in ji Hajj. "Na Hajja kore ne."

Na ce masa murya ba ta ganin launi. Bai yarda ba, amma bai da lokacin musu.

Da la'asar wuta ta dawo. Na mayar da katin, na jona amfilifaya da ƙatuwar lasifikar, na danna maɓallin kwamfuta. Hajj ya ce in rage murya sosai, kada kowa ya ji. Na murɗa abin ragewa, ya ƙi juyawa. Na sake murɗawa.

"Ya salam," in ji Hajj a hankali. "Na liƙe shi da gam. Leburori ne ke ragewa su yi barcin rana."

Bai rufe baki ba ta fito.

"KAI HAJJ! Sati guda? Ba magani? Wallahil azim ba ka da hankali!"

Tattabarun kasuwar hatsi suka tashi gaba ɗaya. Wani jaki ya zabura da amalanken albasa. Baraka ta saki faranti da kofuna. Mutum huɗu a layinmu, duk masu amsa sunan Hajj, suka miƙe tsaye suna cewa na'am. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, daɗi ne ya kama ni, don muryar ta fito tas ba ko ƙura.

Hajj ya yi tsalle zai fizge wayar. Na cafke hannunsa. "Ka fizge wayar nan, ni da kaina zan kai ka gabanta." Na kashe amfilifayar ta maɓallinta, yadda ake yi.

Baraka tana tsintar kofuna ta ce, "Hajja Zainabu ce. Kuma tana layin masu turare wurin ƙanwarta, ɗazu na gan ta."

Ba a daɗe ba mutane suka dare, ga ta nan tafe tana gyara lulluɓi. "Wane ɗan albarka ne ke kwaikwayona a tsakiyar suk?" Sai ta ga mijinta yana ƙoƙarin shigewa bayan lasifika. Gajere ne, amma lasifikar ba ta kai ba.

Ya faɗi gaskiya, don ba sauran wurin ajiye ƙarya. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta jefo masa tambaya.

"Shekara nawa?"

"Goma sha ɗaya, ya Hajja."

"Shekara goma sha ɗaya ina magana a gida ba mai ji. Ashe tsuntsaye ne masu kunne." Ta zauna a bencin nan da kuke kai, ta ɗora hannu a kan kwamfutar. "Khalas, shi ke nan. Ba inda za ta. Zarzur su ci, rabonsu ne."

Hajj ya durƙusa. Ya ambaci dawa, ya ambaci leburori, ya ambaci jikoki. Na san ba wasa take ba, shi ma ya sani, ga rana tana yin ƙasa.

"Ka taɓa jin abin da ke ciki?" ta tambaye shi.

"Kullum ina ji a gona."

"Na ce ka taɓa saurara? Usta, kunna daga farko. Kai kuma zauna nan. In ka motsa kafin ta ƙare, a bakin dawarka."

Na cire ƙatuwar lasifikar na jona ƙanana na kan teburina. Hajj ya zauna kamar mai jiran allura, rabin kasuwa na tsaye a kansa. Muryar ta bi laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya: maganin da yake mantawa, jiƙaƙƙiyar riga, kwana a ƙasa, da shayi mai sukari cokali huɗu da yake sha a ɓoye yana tsammanin ba ta sani ba. A nan Baraka ta tuna tana da aiki a murhu. Hajja ta gaske tana zaune tana gyaɗa kai, tana cewa, "Sah. Haka ne." Can muryar ta ce, "Ka gani! Ya gudu kuma!" Sai shiru.

Hajj ya miƙa hannu zai kashe. Na ce ya dakata, ba don komai ba sai don aikina. Liƙin da bai kama da kyau ba a cikin shiru yake tona kansa, za ka ji yana gurnani ƙasa-ƙasa. Na kara kunne. Ba gurnani, na ji daɗi. Amma akwai wani abu. Ƙarar buɗe gwangwani, 'yan ƙwayoyi suna kaɗawa, ana ƙulla leda. Sai muryar Hajja, ƙasa sosai, irin wadda ban san tana da ita ba.

"Ya Rabbi, ga maganin na sa masa a aljihun jallabiya, ka sa ya laluba. Ka dawo mini da shi da ƙafarsa. Mahaukacin tsoho ne, amma shi ke gare ni."

A gona ƙarar janareta ke danne wannan wurin, kowa ya ɗauka hutu ne kafin ihu ya sake zagayowa. Ita kanta ta manta ta faɗa. Ba wanda ya yi dariya, ni ma sai da na nemi abin gogewa a tebur. Hajja ta ja lulluɓi ta rufe rabin fuska.

"Usta, yanke wannan wurin. Ba na tsuntsaye ba ne."

"Usta," in ji Hajj, ban taɓa jin ya yi magana a hankali haka ba, "ka taɓa wurin nan, ni da kai har gaban alƙali."

Ta ɗauke hannunta daga kan kwamfutar. "Ɗauki abarka ka tafi, kafin su cinye mana dawa."

Dawar kuwa ta tsira, ban da gefen gabas. Amma kafin boksi ya tashi, Hajj yana gaban mota rungume da bargonsa, ta leƙa ta taga da muryarta ta kullum.

"Maganinka fa?"

Ya laluba aljihun jallabiya, ya zaro ƙullin leda. Ya tsaya yana kallonsa.

"Ni fa duk shekarun nan," ya ce, "na ɗauka ni ke sa shi in manta."

"Kai? Direba, ja mota, rana na faɗuwa."